Baƙon Restituta Na Cikin Gwangwani

A bakin tekun Maronti, can ƙuryar yamma inda rairayi ke fitar da tururi, nan Restituta Mattera ta ƙare ƙuruciyarta tana binne mutane da ransu. Mutum zai sauko daga kwale-kwale yana ɗingishi, ta dube shi sama da ƙasa, ta haƙa rami daidai tsawonsa, ya kwanta, ta mayar da rairayi mai zafi ta rufe shi har wuya. Ta kafa masa laima, ta ɗora masa jiƙaƙƙen tsumma a goshi, ta ja kujerarta ta zauna kusa da kansa. In ya gasu yadda take so sai ta tone shi, ta naɗe shi da tawul, ta miƙa masa ruwa da lemun tsami. Ba wanda ya taɓa wuce lokacinsa a raminta, ko da ya roƙa.

Masu sanyin ƙashi, masu ciwon baya, masu gwiwar da ta ƙi lanƙwasuwa, duk wurinta ake turo su. Wutar da ke ƙarƙashin tsibirin Ischia ce ke yin maganin, ita shebur kawai take riƙewa. Ita ma haka take faɗa, ba don tawali'u ba, don kada wanda bai warke ba ya zo ya dame ta.

Wurin na kakarta ne, ya koma na uwarta Carmela, ya koma nata. Daga baƙin dutse zuwa tsohon turken ɗaure kwale-kwale, kowa ya san iyakar. Tun ba ta kai tsayin shebur ba ubanta ya cire ta daga makaranta, ya ce rairayi ba ya bukatar karatu. Shi kuwa bai taɓa taɓa shebur ɗin ba har ya mutu. Tafin ƙafarta ya yi kauri har ta daina sayen takalmi sai na zuwa coci. Ta auri Aniello, mai kwale-kwalen da ke ɗauko baƙi daga Sant'Angelo, mutumin da Allah ya hore wa baki amma bai haɗa masa da murfi ba. Sun haifi biyu. Namijin yana aikin jirgin ruwa, macen tana Napoli tana gyaran gashi, kuma dukansu in suka ga shebur sai su tuna suna da uzuri.

Manyan otal sun zo, suka ja ruwan zafi da famfo zuwa cikin ɗakuna masu tayil, suka sa wa 'yan mata fararen riguna. Restituta ba ta ko ɗaga kai ba, don abin da ke riƙe da ita ba su da shi. Wurinta kashi biyu ne. Ƙasa-ƙasa wajen ruwa nan ake kwantar da mutane. Sama kuwa, gindin baƙin dutse, zafin ya wuce na ɗan Adam, nan ne na tukwane. Kowace safiya matan Testaccio, ƙauyenmu na kan tudu, suna gangarowa da tukwanensu a ɗaure cikin tsumma, kaza da dankali da ganyen ƙamshi, wani sa'in zomo. Ta binne wa kowacce tata, ta kafa kara mai ƙyalle a kai don kada wata ta tafi da abincin wata. Kafin ya nuna sai su zauna a inuwar rumfarta su ɗauki garin gida-gida su sauke. Ba ta taɓa karɓar komai a kan tukunya ba, sai cinya ko fiffike da ake bar mata a faranti. Amma matan nan su ke da ɗakunan da baƙi ke kama haya, kuma su ke cewa baƙo, "Gangara ka tambayi Restituta." Tukwanen nan su ne abincinta, su ne kasuwarta, su ne kuma hirarta.

Maƙwabciyarta a rairayi ita ce Filomena, wadda ta riƙe mata 'ya ranar baftisma, shi ya sa suke ce wa juna cummà. Filomena tana da nata wurin, amma ɗumi-ɗumi ne kamar ruwan wankan jariri. Ita ma wurin Restituta take kawo tukunyarta, tana ci tana ƙirga masu jiran rami da ido.

Cikin baƙin akwai wani Bajamushe, Reinhold, direban jirgin ƙasa daga Kassel. Bakinmu ya kasa sunan, muka mayar da shi Don Rinaldo. Tun Restituta tana goyon fari yake zuwa duk watan Mayu, shi da matarsa Hannelore, doguwa, siririya, mai magana kamar ana auna mata ita da cokali. Shi kuwa ƙato ne, ja, mai tumbi, yana Italiyanci kamar mai tauna tsakuwa. In aka rufe shi har wuya sai ya lumshe ido ya riƙa waƙa ƙasa-ƙasa. Ya yi aiki, ya yi ritaya, ya yi furfura, duk a gaban shebur ɗinta.

Zuwansa na ƙarshe, ta haƙa ramin da hannunta ya saba, ya kwanta, sai ta ga ramin ya yi masa yawa ta kowane gefe. Ta rufe shi, ta zauna. Ranar bai yi waƙa ba.

"Donna Restituta," in ji shi, "in na mutu, nan nake so ki binne ni."

"Kai dai ka kawo kanka, Don Rinà. Binnewa ba ta taɓa gagara ta ba."

"Da gaske nake."

"Ni ma ba dariya nake ba."

"Rantse."

"Na rantse da ƙashin uwata. Yanzu rufe baki, rairayi na shiga."

Da ta tone shi ya nemi hannunta, ta ba shi, ya girgiza kamar an gama cinikin jaki.

Kada wanda ya ga laifinta. Mu nan mun san yadda mutuwa take. Mutum ya mutu, a sa shi a akwati, maza su haura da shi maƙabartar kan tudu suna nishi. Bayan 'yan shekaru, in ƙasa ta gama aikinta, a tone shi, matan gida su wanke ƙasusuwan, su naɗe su a farin zane, a ajiye a ɗan ɗakinsa na jikin bango inda za a riƙa kai masa fure. Restituta da hannunta ta wanke na uwarta. Gawa abu ne mai nauyi, ba ta yawo. Wa ya taɓa ganin gawa ta keto duwatsu, ta sauka Napoli, ta hau jirgin ruwa? Ta rantse ne don mara lafiya ya samu ya kwanta. Ba wanda ya gaya mata cewa a can ƙona nasu suke yi, su zuba a gwangwani su ɗauka a jaka kamar garin kofi. Mutanen da ba sa jefar da takardar alewa a titi, amma su cinna wa miji wuta!

Mayu ta zagayo. Wata rana da hantsi Aniello ya turo kwale-kwale bakin ruwa, fasinja ɗaya tak a ciki, kuma abin mamaki bakinsa a rufe. Hannelore ta sauko da baƙar riga, jaka a rungume.

"Barka da zuwa, Signora. Ina Don Rinaldo?"

"Ga shi."

Ta buɗe jakar. Restituta ta leƙa. Gwangwani ne ruwan toka, mai murfi, bai kai tukunyar gida mai mutum biyu ba.

"Shi ne a nan?"

"Shi ne."

"Duka?"

"Duka."

Restituta ta yi alamar gicciye. Ta sake leƙawa.

"Mutumin da sai na yi gumi biyu kafin in rufe tumbinsa?"

"A watan Janairu ya rasu," in ji Hannelore. Italiyancinta kaɗan ne, amma a tsaye yake kamar ita. "Ya ce kin ba shi hannu. Ya ce kin rantse da mahaifiyarki. A asibiti ya yi ta maimaitawa, har likita ya tambaye ni wace ce Restituta. Dokarmu ba ta yarda a fito da shi ba. Sai da na bi da shi ta wata ƙasa."

Restituta ta dubi gindin baƙin dutse. Karare masu ƙyalle suna tsaye a jere, matan suna rumfa sun yi tsit, kowacce ta miƙa wuya.

"Yau ya sha hanya," in ji ta. "Gobe da safe, Signora."

A gida, da abincin la'asar, ta zauna tana juya cokali a faranti. Ba tsoron mamaci take ba. Wanda ya yi shekaru yana yi mata waƙa, me zai yi mata yanzu? Matan take tunani. Ta san su kamar yatsunta. In suka ji an sa mamaci a rairayin da abincin mazajensu ke nuna, ba tukunya ɗaya da za ta sake gangarowa, kuma ranar da tukwane suka tashi, baƙi za su bi su.

"Titù," in ji Aniello, don haka ake gajarce sunanta, "ba ni shi. In tura kwale-kwale bayan tsauni, in sake shi a ruwa. Gobe mu binne mata gwangwanin tumatir, ta yi kukanta ta tafi."

"Aniè, da uwata na rantse."

"Uwarki ba ta jin Jamusanci."

"Da Italiyanci na rantse."

Ya tauna burodi yana nazari. "To ki yi da sassafe kafin kowa ya fito. Wa zai sani?"

Ta ajiye cokalin. "Wa ka gaya wa?"

"Ni? Ba kowa."

"Aniè."

"Mai aski kawai. Shi ma don ya ga na yi shiru ne, ya ɗauka ba ni da lafiya."

Ta miƙe ta kwashe farantin gabansa bai gama ba. A Testaccio, abin da mai aski ya ji da azahar, kafin ƙararrawar yamma har kuramen garin sun ji.

Washegari matan suka gangaro kamar kullum, sai dai ba wadda ta sauke tukunyarta. Suka jeru a bakin rumfa, kowacce da tata a rungume kamar za a ƙwace. Filomena ce a gaba.

"Cummà, mun ji wata magana."

"Kunnuwanku lafiya lau ke nan. Ku kawo tukwanen, rana na yi."

"Tukuna. Gaskiya ne za ki sa Bajamushen nan a rairayi?"

"Shekara nawa ina sa shi kuna kallo?"

"Lokacin ai ɗanye ne."

Wasu suka yi dariya, suka tuna ba dariya ta kawo su ba, suka haɗiye.

"A ƙasa zan sa shi, wajen ruwa, inda ya saba kwanciya," in ji Restituta. "Me ya haɗa shi da kazarki?"

"Rairayi ɗaya ne, tururi ɗaya ne. In murfin ya buɗe fa? Mijina ya ci ya ce yau abincin ya canza, in ce masa me?"

"Ki ce masa Allah ya amsa addu'arsa."

"Kin ji ta ko! Kun dai ji ta!"

"Filumè, ke da kika goge haƙarƙarin surukarki da hannun nan, kika dawo kika kwaɓa fulawa ko sabulu ba ki nema ba, yau ke ce mai ƙyanƙyami?"

"Wannan tamu ce! Kuma ƙashi ne, mutum ya san abin da ya riƙe. Wannan toka ce, cummà. Toka tashi take yi."

Wata tsohuwa daga baya, wadda ta yi ƙawance da Carmela, ta matso tana dogara sanda. Ba ta ɗaga murya ba.

"Titù, ba faɗa muka zo ba. Mutumin kirki ne, ya taɓa ɗaukar mini kaya har gida. Amma matattu wurinsu kan tudu, tukwane wurinsu nan. Haka muka tarar. In ya shiga rairayin nan, mu mun fita. Ke za ki zaɓa."

Daidai nan kwale-kwalen Aniello ya taɓa gaɓa. Hannelore ta sauko, jaka a rungume, ta tako a hankali har gaban rumfa. Ta dubi matan, ta dubi tukwanen. Ko ba ta ji me aka ce ba, ta ga fuskoki. Ba ta roƙi komai ba. Ta tsaya kawai, kamar mai jiran jirgin ƙasa da ta tabbata zai zo.

Restituta ta dubi rairayin gabanta. Sannan ta tofa a tafin hannu, ta ɗauki shebur.

Ta je wurinsa na kullum ta fara haƙa. Shi gwangwanin, ɗan rami kamar na shuka tumatir ya ishe shi, amma hannunta bai san wannan ba. Ta haƙa tsawon Don Rinaldo, faɗin Don Rinaldo na lokacin da yake da tumbi, ta daidaita wajen kai ta ɗan tayar da shi kamar matashi. Hannelore ta durƙusa ta ajiye gwangwanin a tsakiya. Ya zauna a cikin makeken ramin kamar ƙwai ɗaya a tire. Restituta ta matsar da shi wajen kai, ta mayar da rairayi, ta kafa laima. Ta jiƙa tsumma, ta tsaya da shi a hannu tana neman goshi. Ƙarshe ta shimfiɗa shi a kan tudun rairayin, ta ja kujera ta zauna.

A bayanta ta ji ƙafafu suna tafiya. Ba ta waiwaya ba. Can ta ji shebur ɗin Filomena ya fara aiki, ga muryarta tana cewa a bi layi, kowa zai samu.

Hannelore ta tsaya a kan ramin ta yi magana da harshensu, doguwa, mafi tsawon maganar da aka taɓa ji daga bakinta a tsibirin nan. Ido a bushe. Da ta gama ta kama hannun Restituta da hannu biyu ta ce ta gode, ta ɗauki jakar da ba komai a ciki, ta nufi kwale-kwale. Restituta ta ɗauka iska za ta sha. Mata da yawa ba sa son zaman jira.

Rana ta ɗaga. Inuwar laima ta matsa zuwa inda takan matsa. Restituta ta miƙe, ta cire tsumman, ta cire laimar, ta sa shebur.

Aniello ya riga ya tura kwale-kwale cikin ruwa lokacin da Hannelore ta waiwayo. Ta yi ƙara, ta dira cikin ruwa da takalminta da safarta, ta taho da gudu rigarta na ɗiga.

"Me kike yi? Me kike yi?"

"Ya isa haka. In ya wuce yana sa masa jiri."

"Ya mutu!"

"Na sani, Signora, ni ma ina da ido."

"Ya ce ki binne shi! Ki bar shi! Har abada!"

Restituta ta tsaya da shebur a hannu. Tun jiya take juya maganar nan a ranta ta kowace fuska, amma wannan fuskar ba ta taɓa zo mata ba.

"Har abada? A nan?"

"Eh!"

"Wa ake bari har abada? Uwata da ta haife ni ma mun tone ta. Ku a can haka kuke yi? Ku sa mutum a rami ku juya baya, ba mai komawa ya duba yadda ya ƙare?"

Hannelore ta buɗe baki, Italiyancinta ya ƙare.

"Kuma dubi nan," in ji Restituta, ta nuna teku da shebur. "Kin taɓa zuwa da hunturu? Ruwan nan har gindin dutse yake hawa, ya kwashe komai. Kafin Kirsimeti mijinki yana Tunis, inda bai san kowa ba. Ya ce in binne shi, na binne shi yadda na saba binne shi. Ban taɓa barin mutum a rairayin nan in tafi gida ba, ba kuma a kan Don Rinaldo zan fara ba."

Ta durƙusa ta ƙarasa tonon da hannu. Gwangwanin ya ɗauki zafi har sai da ta kama shi da gefen zanenta. Ta kaɗe rairayin, ta naɗe shi da tawul tsaf, ta miƙa. Hannelore ta karɓa don ba ta da yadda za ta yi. Ta riƙe shi nesa da jiki tukuna. Sannan a hankali ta jawo shi ƙirjinta. Ta sa kumatu a kan tawul ɗin.

"Da ɗumi," in ji ta.

"Ai abin da ke kawo shi ke nan."

Hannelore ta zauna a kujerar Restituta, wadda ko fadan coci bai taɓa zama a kai ba. Kukan da ta riƙe tun Janairu ya ɓalle, mai sauti, har matan da ke wurin Filomena suka daina magana. Restituta ta tsaya gefe tana kallon teku. Da kukan ya lafa ta matsa lemun tsami a kofin ruwa, ta dubi tawul ɗin, ta dubi matar, ta ba matar.

Hannelore ta sha. Ta goge fuska da bayan hannu. Gwangwanin yana ƙirjinta har yanzu.

"Shekara mai zuwa," in ji ta, ta kasa ƙarasawa.

"Mayu. Ki zo da wuri, kafin mutanen Napoli su cika wurin."

Mai hankali zai ce tun da an tone shi, magana ta ƙare. A Testaccio ba ta ƙare ba. Matan ba su dawo ba. Ko awa ɗaya bai yi a ciki ba, murfin bai buɗe ba, kowa ya gani da idonsa, amma suka ce rairayin ya riga ya san shi. Matan da suka ci cinyar kaza a rumfar nan tun suna amare, waɗanda Restituta ta rufa wa asiri a kan abubuwan da ko fada ba su gaya wa ba, su ne suke wucewa ta bakin ruwa suna kallon wani wuri kamar an kira su. Suna binne tukwane wurin Filomena tun sassafe, su tone da azahar, kazar da sauran jini a jikin ƙashi, su kai gida su ƙarasa ta a kan murhu a ɓoye. Shekara da shekaru ke nan suna cin wannan wahala, kuma ba wadda za ta ce ta gaji. Baƙinsu ma can suke turawa, a kwantar da mutum a ɗumi-ɗumi, ya tashi da ciwonsa ya biya ya yi godiya.

Ita Restituta ba ta bi kowa gida ba, ba ta aika a ba da haƙuri ba. Tsohuwar nan ta taɓa aiko mata cewa in ta kwashe rairayin ramin ta zubar a teku, ta kuma daina karɓar gwangwanin, za a duba maganar. Ta ce a gaya mata ta ji, a kuma gaishe ta.

Baƙin da take samu yanzu su ne 'yan tsirarun da Aniello ya cika wa kunne a kwale-kwale. Wata rana mutum biyu, wata rana babu. Da azahar takan zauna a rumfar ita kaɗai da burodi da tumatir da ɗan man zaitun. Labarin gari sai ya tsufa yake iso mata, shi ma ta bakin mijinta, wanda rabinsa ƙari ne.

Hannelore kuwa tana zuwa duk Mayu da jakarta. A zuwa na biyu Restituta ta ɗauki shebur ta nufi wajen ruwa, sai ta tsaya. Ta juya ta haura gindin baƙin dutse, inda ba kara ko ɗaya a tsaye, tururi na tashi a banza.

"Nan ba ya ƙona mutum?" in ji Hannelore.

"Yana ƙonawa. Duk tsibirin nan babu rairayi kamarsa, kuma ba mai rai da ya taɓa iya kwanciya a ciki. Tun da wurin ya zama ba na kowa ba, gara shi ya more."

Aniello yana zaune a bakin kwale-kwale yana kallonta tana haƙa, tsawon mutum, faɗin mutum.

"Titù," in ji shi, "tsakaninki da Allah, da kin san haka za ta kasance, da ba ki bar ni na kai shi bayan tsauni ba?"

Ta ci gaba da haƙa har ta kai inda take so. Ta daidaita wajen kai.

"Miƙo laimar," in ji ta.